Sayen Iyafis Mai Tsada A Abuja: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

A kantunan Abuja, Babban Birnin Tarayya, akwai wani ɗan kaya wanda bai wuce girman ƙwallon dabino biyu ba, amma kuɗin wani irinsa ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara biyu. Wannan kaya kuwa shi ne abin sauraren nan da ake cusawa cikin kunne, wanda jama'a suka fi sani da iyafis. A da ana ɗaukarsa tamkar gyara, watau abin da ake samu kyauta cikin kwalin sabuwar waya. A yanzu ya zama haja mai zaman kanta, wadda ake tara kuɗi musamman domin a saye ta.

Ga misali. Lokacin da kamfanin Sennheiser na Jamus ya fito da iyafis ɗinsa mai suna IE 900 a cikin shekarar 2021, dala 1,299 ya sa masa. Kamfanin Shure na Amurka ya fito da SE846 a 2013 a kan dala 999. AirPods Pro na kamfanin Apple kuwa, wanda ya fara fitowa a 2019, dala 249 ne. A cikin 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, kuma a shekarar ce aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a wata. In aka yi lissafi da wannan canji, na farkon ya tasam ma naira miliyan 2, na ƙarshen kuwa ya ci albashin wata biyar da ɗoriya.

Saboda haka maganar ba ta wasa ba ce ga 'yan Arewa mazauna Kudu, waɗanda galibinsu waya ce rediyonsu, ita ce kuma hanyar jin muryar iyali da labarin gida. Ɗan kasuwar Alaba Rago, da mai canjin kuɗi a Sabon Badun, da direban tirela da ke kwana a Apapa, da mai gadi a Fatakwal, duk suna shafe sa'o'i da wannan abu a kunne. Wanda ya zaɓi mummuna ya yi asarar kuɗi. Wanda ya yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba kuwa zai iya asarar jinsa, wanda ba a sayar da shi a kowace kasuwa.

INDA AKE SAYARWA

Cibiyar wannan ciniki a Abuja ita ce unguwar Wuse II, musamman Banex Plaza da Emab Plaza da ke kan titin Aminu Kano, inda shagunan wayoyi da kwamfuta suka yi cincirindo hawa bisa hawa. Akwai kuma masu tebur a Kasuwar Wuse, da manyan kantuna masu sanyi irin na Jabi Lake Mall. Abin da ya fi yawa a waɗannan wurare shi ne kayan Oraimo, na kamfanin Transsion na ƙasar Sin mai yin wayoyin Tecno da Infinix da itel, sai na Apple da Samsung da Sony da JBL da Anker. Manyan nan masu igiya na Shure da Sennheiser ba kasafai ake ganinsu a jere ba. Mai son su yakan ba da sautu ne, ko ya saya ta intanet ya jira.

Ya kamata mazauna Legas su san cewa da yawa daga kayan da ke Banex ta wajensu suka biyo, domin Computer Village ta Ikeja da Kasuwar Alaba su ne manyan mashigan kayan lantarki a ƙasar nan. Don haka wanda zai ratsa ta Abuja a kan hanyarsa ta zuwa gida hutun Salla kada ya ɗauka sunan birnin kaɗai ya isa shaidar inganci. Nagari da jabu duk mota ɗaya ke kawo su, kuma kuɗin hayar shago a Wuse II yana cikin farashin da za a faɗa masa.

ASALIN ABIN

Sauraren kiɗa a kunne ana tafiya ya bazu ne daga 1979, sa'ad da kamfanin Sony na Japan ya fito da ƙaramin rikodan kaset mai suna Walkman. Amma irin wanda ke shiga cikin ramin kunne ya toshe shi, daga wajen masu ƙera na'urar taimaka wa kurame ya samo asali. Kamfanin Etymotic na Amurka, wanda aikinsa ke nan, shi ya fito da ER-4 a 1991. Sa'an nan a 1995 wani injiniyan sauti mai suna Jerry Harvey ya ƙera wa makaɗin gangar nan Alex Van Halen irin wanda aka yi daidai da kunnensa, domin ya riƙa jin abokan kiɗansa a kan dandamali ba tare da ƙarar lasifikoki ta dame shi ba. Daga nan mawaƙa suka karɓa, jama'a suka bi baya.

Sauyi na biyu ya zo a 2016, lokacin da Apple ya cire kafar iyafis daga wayar iPhone 7, ya kuma fito da AirPods marar igiya. Sauran kamfanoni suka yi koyi da shi. Shi ya sa a yau mai saye ke fuskantar hanya biyu, watau mai igiya da marar igiya, kuma kowanne da inda ya fi.

ABIN DA KE CIKI

Cikin kowane iyafis akwai 'yar lasifika, kuma iri biyu ne suka fi yawa. Ta farko tana da 'yar fata siririya wadda maganaɗisu ke kaɗawa, kamar yadda fatar ganga ke rawa in an doke ta. Irin wannan ta fi iya fitar da sauti mai kauri, wanda samari ke kira bes. Ta biyu kuwa ɗan harshen ƙarfe ne da ke rawa a tsakanin maganaɗisu. Ita ce ta fito daga na'urar kurame, ƙarama ce ƙwarai, har ana iya jera huɗu ko takwas a kunne guda, kowace da ɓangaren sautin da aka ba ta. Wasu kamfanoni kan haɗa iri biyun a wuri ɗaya.

A nan ne mai saye ya fi ruɗuwa, domin akan rubuta yawan lasifikokin da manyan baƙaƙe a jikin kwali, kamar yawan shi ne inganci. SE846 yana da huɗu a kowane kunne. IE 900, wanda ya fi shi tsada, guda ɗaya tak gare shi, mai faɗin milimita 7. Akwai kuma na ƙasar Sin masu biyar ko shida waɗanda kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na waɗannan ba. Abin da ke raba su shi ne yadda aka daidaita sautin, watau kada kaurin ya danne murya, kada kuma siririn sautin ya yi kaifin da zai gajiyar da kunne.

Ko tsadar ma ba ta ba da tabbaci. A 2017 wani masani mai suna Jeroen Breebaart ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan abin saurare iri 283, inda ya nuna cewa babu wata dangantaka ta a zo a gani tsakanin farashinsu da yadda suke daidaita sauti. Haka kuma binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman ya fito da ma'aunin sautin da akasarin masu saurare suka fi so, kuma tun da aka bayyana shi ga kowa, kamfanonin Sin irin su Moondrop da Truthear suka riƙa bin sa suna sayarwa da rahusa. Abin da ƙarin kuɗi ya fi saya shi ne ƙarkon jiki, da igiyar da ake iya sauyawa, da garanti, da ɗan ƙarin tsabtar sauti wanda sai mai natsuwa ke ji.

ZAMAN KUNNE

Kafin a yi zancen sauti, sai an yi zancen zama. Ramin kunnen mutane ya bambanta kamar yadda ƙafa ta bambanta, har ma a mutum ɗaya na dama kan fi na hagu faɗi ko ƙunci. Iyafis da ya yi wa wani daidai zai iya zame wa ɗan'uwansa azaba cikin rabin sa'a. Ba a kuwa gane haka a minti biyu na tsayuwa a gaban shago, domin ciwon matsi ba ya fara bayyana sai an jima.

Abu mafi muhimmanci shi ne 'yar robar da ke bakinsa. In ba ta toshe kunne sosai ba, iska za ta riƙa fita, kaurin sautin ya zube, iyafis na naira miliyan ya koma kamar na ɗari biyar. Yawancin masu kukan cewa sun sayi mai tsada ba su ji bambanci ba, robar ce ba ta yi musu daidai ba. Kamfanoni kan sa aƙalla girma uku a cikin kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba. Ya kamata a gwada dukansu, kuma ba laifi ba ne a sa babba a kunne ɗaya, matsakaiciya a ɗayan. Yadda ake sawa shi ne a kama saman kunne da ɗaya hannun a ɗan ja shi sama, domin ramin ya miƙe, sa'an nan a cusa a hankali. In ya zauna, hayaniyar waje za ta ragu nan take, mutum ya ji muryarsa ta yi kauri a cikin kansa.

Robar iri biyu ce. Akwai mai santsi, wadda ake wankewa kuma takan daɗe. Akwai ta soso, wadda ake murzawa da yatsa a cusa, ta kumbura ta cika ramin. Ta soson ta fi toshe hayaniya, ta kuma fi taushi ga wanda mai santsin ke ji wa ciwo, amma tana shan gumi da dauɗa, kuma a zafin Abuja na watan Maris da Afrilu, ko damshin Legas, bayan 'yan watanni sai an sake ta. Wannan kuɗi ne da zai riƙa fita a kai a kai, don haka ya kamata a tambayi mai shago ko yana da ita a ajiye.

Bayan roba sai nauyi da kaurin bakin. Wasu masu tsadar an yi jikinsu da ƙarfe, suna da kyan gani, amma suna rinjayar kunne in ana tafiya. Wasu bakinsu kauri gare shi saboda yawan lasifikokin da ke ciki, ba ya shiga ƙaramin kunne sai da tilas. Mai son saurare a kwance, kamar yadda da yawa ke yi da dare, ya nemi wanda bai turo waje ba. Masu igiya da ake zagayawa ta bayan kunne sun fi zama, sun kuma rage ƙarar da igiya ke yi in tana gogar riga. A can ƙarshe akwai wanda likitan ji ke ɗaukar zubin kunnen mutum a aika a ƙera masa nasa shi kaɗai. Ya fi kowanne zama, amma ba ya sayuwa ga wani in an gaji da shi.

YADDA AKE GWADA SAUTI

Mai shago yakan sa waƙar da ke da kiɗa mai nauyi, domin ita ke burge kunne da farko. Mai saye ya fi kyau ya zo da abin da ya saba ji tun yana yaro a cikin wayarsa, domin kunnensa ya riga ya san yadda ya kamata ya fita. Waƙar Alhaji Mamman Shata tana gwada abu biyu a lokaci guda, watau ko kalangu zai fito da hawansa da saukarsa, da kuma ko muryar za ta tsaya a gaba, 'yan amshi na baya. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, mai tsirkiya ɗaya, yana tona asirin iyafis mai kaifi, domin zai riƙa sukar kunne. Kotson Musa Ɗanƙwairo da taron muryoyin yaransa yana nuna ko iyafis na iya rarrabe sautuka ko cakuɗa su yake yi. Waƙoƙin situdiyo na su Hamisu Breaker da Ali Jita kuwa su ke gwada bes.

Sai dai akasarin abin da mutanen Arewa ke saurare magana ce, watau labarun Sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1957, da na DW da RFI, da karatu da wa'azi, da saƙonnin murya na WhatsApp. Ga irin wannan, iyafis mai yawan bes cikas ne, domin yana sa murya ta yi kamar daga cikin randa take fitowa. A sa labarai a saurara, a rage ƙara ƙasa sosai. In har ana rarrabe kalmomi ba tare da an ƙara ba, to ya ci jarrabawa.

Akwai kuma gaskiyar da mai shago ba zai faɗa ba. Iyafis ba ya gyara abin da aka ba shi. Tsohuwar waƙar da aka kwafo daga kaset, aka tura ta daga waya zuwa waya har ta ƙanƙance, in aka sa ta a mai tsada, shuu ɗin kaset ɗin da duk wani aibinta ne za su ƙara fitowa. Wanda duk abin da ke wayarsa irin wannan ne ba shi da bukatar kashe dubu ɗaruruwa.

MAI IGIYA KO MARAR IGIYA

Mai igiya ba ya bukatar caji, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Nagarinsa ana cire igiyar a sake wata in ta tsinke, don haka yakan yi shekaru masu yawa. Daɗin daɗawa, yawancin wayoyin da ke da rediyon FM da igiyar iyafis suke kama tasha, watau ita ce eriyarsu. In waya ba ta da kafar iyafis, akwai ɗan mahaɗi da ake sawa a kafar caji, kuma ba shi da tsada.

Marar igiya, wanda ke aiki da bulutut, ya fi sauƙin sha'ani ga mai aiki da hannuwansa. Amma batirinsa ƙarami ne, galibi sa'a biyar zuwa takwas yake yi kafin a mai da shi gidansa, kuma bayan shekara biyu ko uku yakan fara sanyi, ba a kuwa cika iya sauya shi ba. Zafi yana gaggauta mutuwarsa, saboda haka barinsa cikin mota a rana kuskure ne. Ɗaya yana iya faɗuwa a tasha ya ɓace, a bar mutum da gwauron kunne. Har ila yau bulutut yana matse sauti kafin ya aika. Sony ya ƙirƙiro hanyar LDAC wadda ke rage wannan matsi, kuma wayoyin Android sun samu ta tun 2017, amma iPhone ba ta aiki da ita. Mai iPhone da ya biya kuɗi domin LDAC ya biya abin da ba zai mora ba. Mai yawan gumi ya duba alamar IPX4 ko sama da haka a jikin kwali.

Babban abin da marar igiya mai tsada ya fi da shi shi ne kashe hayaniya. Yana da ƙananan makirufo da ke ɗaukar ƙarar waje, sa'an nan ya fitar da kishiyarta, su haɗu su kashe juna. Wannan dabara ta fi cin ƙara mai tafiya bai ɗaya, kamar gurnanin janareta, ko injin mota, ko jirgin ƙasan da ke tashi daga Idu zuwa Rigasa tun 2016. Ba ta cika iya hon ɗin mota ko surutun mutane ba. Wanda kuma kiran gida ne babbar bukatarsa, ya fita bakin titi ya kira wani kafin ya biya, ya tambaye shi yadda yake jinsa, domin makirufo na wasu masu tsadar ba ya jure iska da hayaniyar kasuwa.

JABU DA GANGARIYA

Masu yin jabu sun ƙware, musamman a kan AirPods. Kwali iri ɗaya, leda iri ɗaya, har lambar jikin ma sukan kwafo ta wani na gaske, ta yadda in aka duba a shafin kamfanin sai a ga tana nan. Don haka lamba kaɗai ba hujja ba ce. Tun daga 2022 iPhone kan yi gargaɗi in ta kasa tabbatar da AirPods ɗin da aka haɗa mata, ko da yake wasu jabun kan tsallake. Na Sony da Samsung da Anker kuwa a haɗa su da manhajar kamfanin a ga ko za ta karɓe su. Gwajin da jabu ya fi faɗuwa shi ne na kashe hayaniya. A tsaya kusa da janareta a kunna a kashe. In babu bambanci bayyananne, to a ajiye. Farashin da ya yi ƙasa da rabin na sauran shaguna shi ma shaida ne, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata da lambar kayan, a kuma tambayi inda za a kai in ya lalace, domin garantin da aka bayar a Dubai ko Ingila ba lalle ne ya yi aiki a nan ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mai saye ikon mai da kayan da suka zo da aibi, kuma hukumar FCCPC mai hedkwata a Abuja ta sha bayyana cewa rubutun nan na ba a mai da kaya bayan an saya bai soke wannan haƙƙi ba. Amma ba tare da rasit ba, ƙara ba ta da ƙafa.

LAFIYAR KUNNE

A can cikin kunne akwai wani gurbi mai siffar katantanwa, wanda ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 16,000. Su ke mai da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai yawa tana kashe su kaɗan kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba a jin zafi sa'ad da hakan ke faruwa. Alamar farko ita ce ƙugi ko shuu a kunne bayan an cire iyafis, daga baya mutum ya fara cewa a maimaita masa magana in ana cikin taro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren ƙara mai yawa. Ma'aunin da ta fitar tare da hukumar sadarwa ta duniya a 2019 ya ce babba na iya sauraren desibel 80 har sa'a 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Watau a desibel 83 sa'a 20 ne, a 89 sa'a 5, a 100 kuwa bai kai rabin sa'a ba a mako gaba ɗaya, alhali wayoyi da yawa na iya kaiwa nan in an ƙure su. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya, a kuma riƙa ba kunne hutu.

A nan ne iyafis nagari ke biyan kuɗinsa. Mutum yana ƙure ƙara ne domin ya rinjayi hayaniyar da ke kewaye da shi, a cikin bas daga Nyanya ko Oshodi, ko kusa da injin markaɗe. Wanda ya toshe kunne da kyau, ko mai kashe hayaniya, yana sa a ji komai sarai da ƙara kaɗan.

Tsabta ma tana da nata. Iyafis yana tura dauɗar kunne ciki, yana kuma riƙe damshi, wanda ke jawo ƙaiƙayi da ruwan kunne. A bar kunne ya bushe bayan wanka ko alwala kafin a sa, a riƙa cire robar ana wankewa, kada kuma a yi aronsa tsakanin abokan ɗaki. Tsinken ashana da gashin kaza da tsinken auduga duk suna ƙara tura dauɗar ciki ne, suna iya huda dodon kunne. Da hunturu ƙura kan toshe 'yar ragar da ke bakin iyafis, kunne ɗaya ya yi ƙasa, a ɗauka ya lalace, alhali goge shi da busasshen buroshi ya isa. Wanda ƙugin kunnensa ya ƙi tafiya ya nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai su a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitin koyarwa na Gwagwalada, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Mazauna Kudu kuwa ga asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ga UCH a Badun.

WA YA DACE DA WANNE

Toshe kunnen da ke kare ji a cikin bas shi ne kuma ke kashe mutum a kan titi. Ɗan acaba da direban keke da mai tura baro da kunne suke sanin abin da ke bayansu. Mai tsallaka babbar hanyar Kubwa ko layin dogo a Agege yana bukatar jin hon. Mai gadi da ya toshe kunnuwansa biyu da dare ya bar aikin da aka ɗauke shi dominsa. Irin waɗannan, in ya zama dole, su sa kunne ɗaya da ƙara kaɗan in suna tsaye, su cire gaba ɗaya in suna tuƙi. Wasu marasa igiya suna da maɓallin da ke shigo da sautin waje, yana da amfani ga mai tafiya a ƙasa, amma ba ya zama uzurin tuƙi da shi.

Mai sauraren labarai da karatu da saƙon gida, matsakaicin iyafis mai roba da ta zauna daidai, da makirufo mai kyau, ya ishe shi. Mai yawan tafiya a jirgi ko doguwar mota, ko mai kwana kusa da janareta, shi ne zai ci moriyar mai kashe hayaniya. Mawaƙi da mai haɗa sauti a situdiyo da mai ɗaukar fim, su ne masu bukatar manyan nan masu igiya, domin kayan aikinsu ne, kuma bulutut yana da ɗan jinkirin da ke ɓata musu aiki. Wanda yake son mai tsada domin jin daɗinsa kawai, kuma aljihunsa zai ɗauka, ya fara da neman shagon da zai bar shi ya gwada da sabuwar roba, ya zauna da shi a kunne aƙalla minti ashirin, ya saurari abin da ya zo da shi, sa'an nan a yi ciniki a rubuta rasit. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne, in an tabbatar nagarin ne, kuma ya yi daidai da kunnen mai shi.